Na takarda ko na ƙarfe? Zaɓin gaskit ga injin motar da aka sauya wa fasali

Duk mai bin hanyar Mararraba zuwa cikin Abuja da safe ya saba da ganinsu. Mota ɗaya ko biyu a gefen titi tsakanin gadar Nyanya da shataletalen AYA, an ɗage bonet, tururi na tashi, mai ita na tsaye da galan ɗin ruwa a hannu, katin shaidar ofis na reto a wuyansa. Idan abin ya zo da sauƙi, tiyo ne ya fashe ko fanka ta tsaya. Idan kuwa bai zo da sauƙi ba, kafin la'asar an ja motar zuwa garejin Apo, an buɗe murfin lagireto, an ga ruwa na ɓulɓulowa da kumfa, makanike ya yanke hukuncin da kowane mai mota ke gudu, wato tof gaskit ya ƙone.

Daga nan sai yaron gareji ya dawo daga shagon kayan gyara da leda biyu, ɗaya ɗauke da gaskit ɗin da ake kira na takarda, ɗayar da na ƙarfe, a tambayi mai mota wanne yake so. Shi kuwa da ya ƙware a takardun ofis ba a ƙarfen inji ba, yakan ɗauki mai tsada don yana ganin tsada ce shaidar inganci, ko ya ɗauki mai araha don wata ya yi nisa. Duka biyun caca ce. Kuɗin gaskit ɗin kansa shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Babban kuɗin yana wajen kwance rabin inji da mayar da shi, kuma idan zaɓin bai dace ba za a sake biyansa cikin 'yan watanni, wani lokacin har da na sabon inji. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne.

Abin da ya ƙara wa zaɓin wuya shi ne, injina da dama da ke yawo a birnin tarayya ba sa nan yadda kamfani ya ƙera su. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma Naira 537 a Abuja cikin kwana biyu, ta kuma haura Naira 1,000 a Oktoban 2024. Gwamnati ta kafa shirin iskar gas ta CNG da burin juya motoci miliyan ɗaya zuwa 2027, ma'aikata da yawa kuma sun kai nasu an ɗora musu tukunya a but. Ga waɗanda aka canja wa inji gaba ɗaya da na Baljiyam, da waɗanda aka taɓa aske kan injinsu bayan sun yi zafi, da waɗanda aka cire wa tamostat tun ranar da suka iso daga Kwatano. Kowanne daga cikinsu inji ne da aka sauya wa fasali, ko da mai shi bai taɓa mafarkin shiga tsere ba.

Nauyin da ke kan ɗan faifai guda

Inji kashi biyu ne manya. A ƙasa akwai gangar jiki, wadda kanikawa ke kira bulok, inda fistin ke hawa da sauka a cikin silinda. A sama akwai kai, wato tof silinda, mai ɗauke da bawul da fulogi. Tsakaninsu ake shimfiɗa gaskit, faifai mai huji-huji wanda kaurinsa a yawancin ƙananan motoci yake tsakanin milimita 0.5 da 1.5. An ɗora masa tsaron iyaka uku a lokaci guda. Wuta ta tsaya a silindarta, ruwan sanyaya ya bi hanyarsa, baƙin mai ya bi tasa, kada ɗaya ya leƙa gidan ɗaya.

Injin 1ZZ-FE na lita 1.8 da ke cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008, motar da ta cika harabar Sakatariyar Tarayya, faɗin silindarsa milimita 79 ne. Idan aka taka mai sosai, matsin da ke tashi a ciki yakan kai kusan bar 60, ninki fiye da 25 na iskar da ke cikin taya. A kan faɗin silinda ɗaya, wannan daidai yake da ƙarfin kusan tan 3 yana neman ɗage kan injin sama. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowace silinda na yin wannan bugu sau 25 a daƙiƙa, da wutar da zafinta ke haura digiri 2,000, alhali 'yan milimitoci daga wurin ruwa ne ke gudana a digiri 90. Ƙarfen ma ba ya zaune wuri ɗaya. Alminiyam, wanda da shi ake zuba kan kusan duk injin zamani, yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen zubi, don haka a injin da ya haɗa biyun, kowace safiya sai fuskokin sun goga juna, gaskit na tsakiya yana shan gugar.

Mai haƙuri da mara haƙuri

Wanda ake kira na takarda ba takarda ba ce. Siririn faifan ƙarfe ne da aka manna wa abu mai laushi gaba da baya, aka naɗe bakin kowace silinda da zoben ƙarfe don tare wuta. A da asbesto ake sa wa, kafin a tabbatar ƙurarsa na haddasa cutar daji. Yanzu garafait ne, irin sinadarin bakin fensir, ko wasu zaruruwa da aka cuɗa da roba. Shi ne gaskit ɗin zamanin Peugeot 504 da 505, motocin da aka harhaɗa a Kaduna suka yi shekaru suna ɗaukar manyan sakatarori da daraktoci, a kansa kuma tsofaffin kanikawan ƙasar nan suka koyi sana'a.

Falalarsa haƙuri. Da yake yana da laushi, yakan nutse cikin ƙananan ƙarce da ramukan tsatsa ya toshe su, ko da fuskar ƙarfen ba ta yi sumul ba. Rauninsa ma daga laushin yake. Yana lotsawa a hankali, ɗaurin kusoshi ya ragu, shi ya sa a tsofaffin injina ake komawa gareji a ƙara ɗauri bayan tafiyar kilomita kamar 1,000. Idan matsi ya wuce abin da aka tsara, zoben ne ke fara tsagewa, galibi a siririn wurin da ke tsakanin silinda biyu.

Na ƙarfen kuwa, wanda ake rubuta MLS a jikin ledarsa, faifai ne 2 zuwa 5 na ƙarfe mara tsatsa da aka jera kan juna. An matsa wa na waje ɗan tudu siriri kewaye da kowane rami, tudun kuma yana aiki kamar sifirin. Idan bugun wuta ya ɗage kan inji da ɗan abin da ido ba ya gani, tudun ya bi shi sama, idan ya dawo ya lotsa. An shafe faifan da roba mai jure zafi wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, ita ce ke tsare ruwa da mai. Kamfanonin Japan ne suka fara yaɗa shi, daga shekarun 1990 kuma ya zama ruwan dare. Yawancin Corolla, Camry da Accord ɗin da aka ƙera daga farkon shekarun 2000 da shi suka fito daga masana'anta.

A wajen jure matsi da zafi ya fi na takarda nesa ba kusa ba. Amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Robar jikinsa ba za ta cike ƙarcen da ya fi ta zurfi ba, shi ya sa masu ƙera shi ke neman fuskar da matsakaicin kaushinta bai wuce kusan kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. A nan galibin gyare-gyare ke lalacewa, tun kafin a fitar da gaskit daga leda.

Abin da aka saba gani shi ne a kankare ragowar tsohon gaskit da bakin sukudireba, a bi da samfefa ko burushin waya, a goge da tsumma, a ce ya yi. A ido fuskar na sheƙi. Sai dai alminiyam ƙarfe ne mai taushi, samfefa na cin sa ba daidai ba, ta bar kwari a inda hannu ya fi dannawa. Littattafan gyara na injina da yawa na Toyota da Honda sun ƙayyade cewa karkacewar fuskar kai kada ta wuce milimita 0.05, wato rabin kaurin takardar A4. Ba a gane wannan da ido ko da tafin hannu. Sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo ta tsawo, ta faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura siraran faifan awo a ƙarƙashinsa. Aikin minti 10 ne, kuma garejin da ba shi da waɗannan kaya biyu bai cancanci a bar masa kan inji ba.

Idan awo ya nuna karkacewa, sai a kai wa masu injin aske ƙarfe. Su ma ba ɗaya suke ba. Wani haƙorin injinsa ya dakushe, yana barin layi-layi kamar kunyar gona. Irin wannan fuska ta miƙe amma ba ta yi santsi ba, na takarda zai zauna a kanta lafiya, na ƙarfe kuwa zai riƙa tsatsafo ta cikin layukan. Kuma fuska biyu ce. Sau da yawa akan aske kai a manta da bulok saboda yana ɗaure a cikin mota, alhali ruwan burtsatsen da aka shekara ana ɗura wa lagireto ya riga ya ci gefen ramukansa.

Injin da ya fito da MLS, MLS ya kamata a mayar masa, a kuma biya kuɗin gyara fuskokin yadda ya dace. Akwai kanikawan da ke sa masa na takarda da hujjar cewa ya fi kamawa. Gaskiya ne yana kamawa a ranar, domin yana rufa asirin aikin da ba a yi ba, amma ƙarfin ɗaurin injin da kaurin da aka lissafa duk don na ƙarfe aka tsara su. Tsohon inji kuwa da ya fito da na takarda, bulok ɗinsa ya sha tsatsa, ba a kuma ƙara masa ƙarfi ba, sa masa MLS don kawai an ji ya fi inganci gyaran gangar Auzinawa ne. Na garafait mai kyau ya fi masa alheri. Haka ɗabi'ar shafa gam, ba ta da gurbi a kan MLS. Gam yana hana tudun zama a kan ƙarfe, abin da ya matso kuma ya gangara ya toshe ƙananan hanyoyin ruwa da mai. A bushe ake sa shi, sai fa 'yan ɗigon da littafin injin ya nuna.

Akwai na uku, na jan ƙarfe zalla, wanda matasa masu wasan mota ke yawan ambata saboda sun gan shi a bidiyon tseren Amurka. Yana jure matsin da zai tarwatsa sauran, amma sai an yanka siririn tsagi kewaye da kowace silinda an binne wayar da za ta cije shi, kuma bai iya tsare ruwa da mai da kyau ba. Manyan motocin da suka sa ya yi suna, masu gudun 'yan daƙiƙu a miƙaƙƙen fili, ko ruwan sanyaya babu a injinsu, ana kuma kwance shi bayan kowane gudu. Motar da za ta yi awa biyu a cunkoson Nyanya ba ta da abin yi da shi.

Rabin milimita

Bayan nau'i sai kauri, a nan kuma tarihin injin ke shigowa. Duk inji yana da adadin ninkin da fistin ke matse iska da mai kafin fulogi ya kunna. A 1ZZ-FE ninki 10 ne, domin fistin na share kusan cc 449 ya bar ɗan ɗaki mai kusan cc 50 a sama. Idan aka aske milimita 0.5 daga kan injin, ɗakin zai ragu da cc 2 da wani abu, ninkin ya doshi 10.5. A rubuce kamar ba komai. Amma fetur yana da iyakar matsin da yake jurewa. Idan aka wuce ta, ragowar man da ke gefen silinda yakan fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi, direba ya ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in yana hawan tudu. Kwamfutar motar takan ji ƙarar ta jinkirta kunna wuta, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Abin da ya fi ƙarfinta kuwa, bakin gaskit ne ke shan dukansa.

Shi ya sa Honda ta ƙayyade wa injinanta da dama cewa jimillar abin da za a aske kada ya wuce milimita 0.2, littattafan Toyota da yawa kuma cewa suka yi a canja kan kawai. A zahiri ba kowa ke da kuɗin sabon kai ba, don haka kamfanonin kayan gyara irin su Elring, Victor Reinz da Ajusa ke yi wa wasu injina gaskit mai ƙarin kauri domin ya mayar da abin da aka aske. Matsalar ita ce motar Kwatano ba ta zuwa da tarihinta. Ba wanda ya san sau nawa aka aske ta a hannun masu ita na baya, sai an auna tsayin kan an gwada da adadin da ke littafi. Dabarar ɗora gaskit biyu kan juna, wadda har yau ake yi, ƙara wurin yoyo ce kawai.

Shin gas ne ke ƙona gaskit?

Magana ce da ta yaɗu tsakanin direbobin ma'aikatu cewa gas yana ƙona gaskit, don haka duk wanda ya juya motarsa sai ya nemi wani na musamman. Yadda inji ke aiki bai goyi bayan wannan ba. Iskar CNG kusan dukkanta sinadarin metan ne, wanda awon jure matsinsa ya kai 120, na fetur kuwa 90 da ɗoriya ne. Ba ya saurin fashewa da kansa. Kuma da yake iska ce, tana cinye wani kaso na gurbin iskar da inji ke shaƙa, shi ya sa ƙarfin mota ke raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kan gas. Matsin da gaskit ke fuskanta bai ƙaru ba. Injin da aka juya ba tare da an taɓa cikinsa ba, gaskit irin na kamfaninsa ya ishe shi.

Abin da ya ƙaru zafi ne. Fetur ruwa ne, yana ɗan sanyaya cikin inji yayin da yake zama tururi. Gas busasshe ne, yana kuma ci a hankali, don haka bawul ɗin fitar hayaƙi da mazauninsa ke shan zafi fiye da da, musamman idan wanda ya haɗa na'urar ya rage gas ƙwarai don mai mota ya ga tukunya na daɗewa.

Sai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Gas yana cikin tukunya a matsin bar 200, na'urar da ke rage matsin kuma tana yin sanyi har ta iya daskarewa, saboda haka ake yanka tiyon ruwan inji a jona mata domin ta ɗumama. Kowace mahaɗa da aka ƙara sabon wurin yoyo ce, kuma idan ba a fitar da iskar da ta shiga layin ba, takan taru a kan inji ta hana ruwa taɓa ƙarfe. Mota na iya rasa kofi guda na ruwa a mako ba a ankara ba, har ranar da za ta tsaya a cunkoso cikin zafin watan Maris. Ranar za a ce gas ne.

Cire tamostat, wanda ake yi da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, yana ƙara rikita lamarin. A injina da yawa ba buɗe hanyar lagireto kaɗai yake yi ba, yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji. In babu shi, wani kaso na ruwan zafi na ci gaba da zagaye bai ratsa lagireto ba. Ga mai gas kuma asarar biyu ce, domin yawancin na'urorin zamani da fetur suke tashi, sai ruwa ya ɗumama su koma gas.

Wasu kan ba da shawarar a aske kai da gangan, ko a sa siririn gaskit, don a dawo da ƙarfin da gas ya rage. A injin da gas kaɗai zai sha har abada, dabarar na da tushe. Amma motocin ma'aikata masu shan biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa tarar da layin gas ya miƙe har titi, ko ya je garin da babu tashar gas, ya san dole wata rana a koma fetur. Ranar injin zai fara kaɗa tsakuwa.

Ba kuma kowane farin tururi ne shaidar ƙonewar gaskit ba. Metan na samar da ruwa fiye da fetur idan ya ƙone, don haka ɗigo daga salansa da sassafe ba abin tashin hankali ba ne. Kafin a yarda a kwance inji, akwai gwajin da ake yi da wani shuɗin ruwa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin silinda na shiga ruwan sanyaya.

Abin da kusa ta saki

Wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi da gaske, ya ɗora turbo ko ya sauya lissafin kwamfutar motar, shi ne ke da hujjar neman abin da ya fi na kamfani, domin matsin silindarsa na iya haura bar 100. Amsarsa MLS ce daga kamfanin da ya ƙware a wannan fanni, kamar Cometic na Amurka. Amma ko shi, gaskit ba zai riƙe masa abin da kusoshi suka saki ba.

Kusoshin kan injin zamani an yi su ne su ɗan miƙe idan an ɗaure, miƙewar ce ke danne gaskit. A 1ZZ-FE ana ɗaure guda 10 ɗin daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, har ma'auni ya nuna 49 Nm, sannan a ƙara wa kowace juyin digiri 90. Ba aikin dogon bututu da ƙarfin damtse ba ne, sai da sifana mai ma'auni. Kusar da ta miƙe fiye da kima ba ta komawa, sai a canja ta. Ramin kuma sai an tsane shi, domin mai ko ruwan da ya kwanta a ƙasansa na sa ma'auni ya yi ƙarya, yana ma iya tsaga bulok.

Masu Camry ta 2002 zuwa 2006 mai injin 2AZ-FE na lita 2.4, wadda ake yi wa laƙabi da Big Daddy, suna da ƙarin abin lura. An san wasu daga cikin waɗannan injina da cinyewar zaren ramin kusoshin baya a bulok ɗin alminiyam, har Toyota ta fitar da sanarwar gyara ta hanyar dasa sabon zaren ƙarfe a ramin. Idan zaren ya cinye, kusa za ta yi ta juyawa ba ta kama ba, kuma ko gaskit na zinari aka sa, ruwa zai ci gaba da zuba ta bayan inji.

A kasuwar Apo ko Zuba, leda mai tambarin kamfani ba ta isa shaida ba, domin jabu ma da tambarinsa yake zuwa. Abin da mai saye zai iya yi shi ne ya ɗora sabon a kan tsohon, rami da rami. Da gangan aka bambanta girman ƙananan ramukan ruwa, don a tilasta wa ruwa isa silindar ƙarshe, kuma gaskit ɗin da ramukansa suka saɓa zai bar wani ɓangare na injin cikin zafi ko da allurar gaban direba ba ta nuna komai ba. Motar da aka canja wa inji kuwa, lambar shasi ba ta da amfani wajen sayen gaskit. Lambar da aka buga a jikin bulok ita ce abin bi.

Ga hadimai da jami'an sufuri da ke sa hannu a takardar gyaran motar maigida ko ta ofis, takardar da ta tsaya a kuɗin gaskit da ladan aiki ba ta cika ba. Ya kamata a ga adadin karkacewar da aka auna, da yawan abin da aka aske, da nau'in gaskit da kaurinsa, da ko an canja kusoshi. Sama da duka a ga an rubuta abin da ya sa motar ta yi zafi tun farko, domin gaskit ba kasafai yake mutuwa don kansa ba. Fanka ce, ko famfon ruwa, ko lagireton da laka ta toshe, ko mahaɗar tiyon gas.

Tsohon gaskit ɗin ma kada a bari a jefar kafin mai mota ya gan shi. Zoben da ya tsage ko ya lotsa a gefe ɗaya yana nuna man da ke fashewa da kansa. Baƙin zanen hayaƙi da ya ratsa daga bakin silinda zuwa ramin ruwa yana nuna ɗauri ya saki ko kai ya karkace. Ramukan ruwan da suka zaizaye suka yi jajir da tsatsa kuwa aikin ruwan burtsatse ne, kuma galan ɗin da ya yi aikin yana nan a but yana jiran sabon gaskit.